Rifkatu, Muryarki Ta Dawo Kuwa?

Zuwa ga Malama Rifkatu, Maman Ishaku, a duk inda wannan takarda ta riske ki.

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri, tare da fatan kina cikin ƙoshin lafiya, ke da maigida Malam Bitrus da yara, da jikoki in Allah ya kawo su. Ni ce Hajara mai kitso, Maman Sadiya, maƙwabciyarki ta gidan hayar nan na Gyadi-Gyadi, mai ɗakin da ke kusa da famfo. Na san ke ba kya buƙatar wannan bayani. Na yi shi ne don waɗanda za su riga ki karantawa, domin ba ni da adireshinki. Sadiya ce za ta saka mini takardar inda jama'a ke karatu a waya, ko Allah zai sa wani ya ce ya san ki.

Shekara ashirin da 'yan kai ke nan rabona da ke. Na tara tambayoyi da yawa, kuma akwai magana ɗaya da ya kamata in faɗa miki tun kina nan, ban faɗa ba.

Kun tare a gidan nan tun soja na mulki. Kina koyar da 'yan aji uku a wata firamare a Tarauni, maigidanki kuma akawu ne a ma'aikata. Duk bayan mako biyu, ranar Asabar da hantsi, sai ki ɗauko tabarmarki ki zauna a gabana in yi miki shuku saboda zuwa coci. Gashinki kuwa ga cika ga tauri, mataji biyu na karya a kansa. Ina kitso kina bitar waƙoƙin Lahadi da siririyar muryar nan taki. Ban san na haddace amshin ɗaya ba sai ranar da mijina Malam Sani ya ji ni ina rerawa a bakin murhu, ya tsaya ya ce, "Hajara, yaushe aka ɗauke ki cikin mawaƙan coci ban sani ba?"

Shekarar da soja suka koma bariki aka rantsar da farar hula, mazan gidan nan kullum suna ƙofar gida kewaye da rediyo, ana musun ko abin zai ɗore. Ni kuwa abin da ya ɗauke mini hankali goshinki ne. Na sa kibiya zan tsaga, sai na ga gashin gefe da gefe ya ja baya, irin yadda na maza ke yi in sanƙo zai fara. Na zaci hannuna ne ya yi tsauri. Na sassauta, na canza miki zuwa zane, na shafa miki man kaɗanya. Da kika dawo bayan mako biyu, abin ya ƙara ci.

Mai kitso ta san kan da ta saba riƙewa kamar yadda uwa ta san kukan ɗanta. Fatar kanki ta koma mai maiƙo. Ƙuraje suka feso miki a muƙamuƙi da bayan wuya kamar na 'yar shekara goma sha huɗu, ke da kin haura talatin. Sannan na ga gashi uku a haɓarki. Na tsige su muna dariya, kika ce gadon kakarki ne. Wata ɗaya bayan nan ba su ƙirguwa, ga wasu sun fito a saman leɓe da gefen kunne.

Ana cikin haka al'adarki ta ɗauke. Kika yi murna, kika ce Ishaku da Saratu za su sami ƙani. Wata biyu kina tafiya a hankali kina guje wa ɗaukar kaya. Da kika je ƙaramin asibitin unguwa aka auna, suka ce babu komai a ciki.

Muryar ce ta zo daga baya, kuma ita ta fi ba ni mamaki. Da fari mun ɗauka mura ce, na dafa miki citta da kanumfari. Murar ba ta zo ba, muryar kuma ta ci gaba da sauka. Kin tuna ranar da Malam Sani ya dawo daga kasuwa da la'asar, ya ji hira a ɗakina, ya tsaya daga waje rai a ɓace yana cewa wane ƙato ne ya shigar masa ɗaki? Kika ɗaga labule kika ce, "Ni ce, Malam. Sannu da zuwa." Bawan Allah ya rasa inda zai sa kansa, ya juya ya fice ko takalmi bai gyara ba. Muka yi ta dariya har da riƙe ciki. Ban lura da lokacin da dariyarki ta zama kuka ba, sai da na ga kafaɗunki na rawa.

Akwai abin da kika faɗa mini a kwanakin nan da har yau nake juya shi. Kin ɗauki turmin gidan nan ke kaɗai, wanda mu biyu muke cicciɓa, kika kai shi inuwa kika dire. Kika dubi damatsanki, kika rage murya kika ce, "Maman Sadiya, ba zan ɓoye miki ba, ƙarfin nan da daɗi. Ashe haka suke ji?" Kin kuma ce 'yan ajinki, waɗanda da sai kin buga tebur suke yin shiru, yanzu gyaran murya ɗaya ya ishe su. Na so ƙwarai in tambaye ki me kuma ya canza a ciki, a zuciya, inda ido ba ya gani. Kunya ta hana ni.

Shugaban mawaƙanku ya ce ki koma layin maza, don muryarki tana danne ta mata. Kika ɗauki jakarki kika dawo gida. Daga nan gidan ya yi shiru ranar Asabar.

Magani kuwa babu wanda ba a kawo ba. Surukarki ta aiko da saiwoyi daga ƙauye. Fastonku ya zo da dattawa suka yi addu'a. Gwaggona ta ce namijin aljani ne ya aure ki, a yi miki hayaƙi. Wata tsohuwa mai sayar da daddawa ta ce ki kwantar da hankalinki, mace mai gemu arziki take yi. Kika ce in haka ne gara arzikin ya yi sauri, don kin gaji da aron rezar Malam Bitrus.

To, ga maganar da na ɓoye.

Kina aske fuskarki da sassafe, kina ɗaure kanki da ɗankwali har gira, kina rage magana a waje. Daga maigidanki sai dangi na kusa sai ni muka san girman abin, kuma kin roƙe ni kada ya fita. Ni na fitar da shi, Rifkatu. Ba da mugunta ba, amma na fitar. Abin ya tsaya mini a rai, na kasa gane yadda mace mai 'ya'ya biyu za ta rikiɗe cikin wata shida ina kallo. Sai na fara tambayar matan da ke zama a gabana ko sun taɓa ganin irin haka. Na farko ban ambaci suna ba. Ta biyu ta ce, "Wace ce?" na ce wata maƙwabciya. Malamar makaranta nawa ce a gidanmu? Kafin mako biyu maganar ta zaga Gyadi-Gyadi ta tsallaka Tarauni.

Ranar da kika dawo daga makaranta da rana tsaka, lokacin tashi bai yi ba, ina bakin famfo. Kika ce mini an rubuta "Malam Rifkatu" da alli a ƙofar ajinki, kuma wasu iyaye sun je wurin shugaban makaranta suna tambaya ko mace ce ke koyar da 'ya'yansu. Kika ce, "Ban san wanda na yi wa laifi ba." Na ce miki mutane ba su da tsoron Allah. Haka na ce, bokiti na cika yana zuba ban gani ba.

Mako shida ba ki zo kitso ba.

A cikin matan da na yi wa surutun nan akwai Sista Uwani, wata daɗaɗɗiyar ma'aikaciyar jinya da ke zaune a Unguwar Gano. Ita ba ta yi salati ta riƙe baki irin na sauran ba. Ta juyo da kanta har kitson ya kuɓuce mini, ta ce, "Cikin wata nawa?" Na ce shida ko bakwai. Ta ce, "Al'ada fa?" Na ce ta tsaya. Ta ce, "Wannan ba aljani ba ne. Gobe da safe ki kawo mini ita babban asibiti, kada ki bari a kwana biyu." Na daɗe ina lallashin kaina da cewa bakin da ya tona ki shi ne ya samo miki Sista. Yanzu na girma, na san wannan ba hujja ba ce. Ina iya zuwa wurin Sista ita kaɗai tun farko.

Na ƙwanƙwasa ƙofarki na ce na ji labarin wata nas da ta san irin wannan ciwo. Ba ki tambaye ni yadda aka yi ta san da ke ba. Kin dai dube ni, kika ɗauko gyale.

Kin tuna yawan zuwan da muka yi? Mu tare bas a bakin titi, mu zauna a benci tun safe har azahar. Aka ɗibi jininki aka aika wani gari, don a lokacin ba a yin gwajin a nan, muka jira kusan wata guda. Aka shafa miki wani abu mai sanyi a ciki aka ɗauki hoto. Suka fara duba mahaifa da ƙwan haihuwa, suka ce lafiya lau. Sai mai hoton ya matsa sama wajen haƙarƙarin hagu, ya tsaya, ya kira wani ya zo ya gani.

Likitan da ya yi mana bayani ya fara da Turanci saboda ke, da ya ga na miƙa wuya sai ya koma Hausa. Ya juya bayan takarda ya zana wake biyu, ya ce ƙoda ke nan. Ya ɗora wa kowanne 'yar hula. Ya ce wannan hular wani ɗan nama ne da Allah ya ajiye a saman kowace ƙoda, aikinsa zuba wasu sinadarai cikin jini, kuma a cikinsu akwai irin wanda ke sa namiji gemu da kaurin murya. Ya ce kowace mace tana da ɗan kaɗan, kamar gishiri a miya. Ke kuwa ƙari ne ya fito a hular hagu, ya kifar da gwangwanin gishirin gaba ɗaya cikin tukunya.

Ke kina ta kallon zanen. Ni ce na kasa haƙuri na ce, "Likita, to ni ma ina da shi ke nan?" Ya ce ƙwarai kuwa. Na ce, "Su mazan fa, suna da namu?" Ya yi dariya ya ce suna da shi, sai dai kada in faɗa wa maigidana. A bas muna dawowa na yi ta laluben bayana ina neman inda hular take. Kika ce in bari, mutane za su zaci ƙuma ce ke cizona. Ranar ce karon farko da na ji dariyarki tun bayan maganar alli.

Ranar da aka yi miki aikin cire ƙarin, ni na riƙe Ishaku da Saratu. Na yi musu taliya da manja, Saratu ta ƙi ci. Da na idar da sallar azahar na daɗe a kan dadduma ina roƙa miki, ita kuma tana gefena ta durƙusa ta rufe ido tana yin tata. Da yamma Malam Bitrus ya dawo, ya tsaya a tsakar gida ya ce an gama, kin farka. An nuna masa abin a cikin wani ƙaramin kwano. Na ce yaya girmansa? Ya ce kamar goriba. Na ce wane launi? Ya ce, "Maman Sadiya, ban tsaya kallon launi ba." Har yau ina jin haushin rashin ganinsa. Abu kamar goriba, a ɓoye a bayan ciki, ya hana mace waƙa, ya kusa raba ta da aikinta.

Sauƙin ya zo da kaɗan-kaɗan, kuma ni na riƙa ganinsa da hannuna. Ƙurajen suka fara bushewa. Bayan wata biyu kika leƙo ɗakina da safe kika ce mini a kunne, "Baƙuwar nan ta dawo." Gemun ya ɗauki fiye da shekara yana raguwa, ya yi laushi, amma bai tafi duka ba. A goshi, ɓangaren dama ya fito da gashi mai taushi kamar na jariri, na hagu ya ƙi. Turmi kuma ya koma sai mu biyu, kika ce wannan kam an cuce ki.

Muryar ce ba ta motsa ba. Likita ya ce da wuya ta koma yadda take, don maƙogwaro in ya buɗe ya buɗe. Kika yi kwana biyu ba kya son magana. Sai wata Asabar ina shara na ji waƙar nan da na haddace tana tashi daga wurin wanki, a ƙasa-ƙasa, har ina jin ta a ƙirjina. Kika ce kin koma cikin mawaƙa. Kin ce wa shugaban za ki yi muryar maza, amma a layin mata za ki tsaya, in bai yarda ba ki koma gida. Ya yarda.

A ranar da kika dawo kitso na farko bayan aikin ne kika faɗi maganar da ta hana ni sakat. Ina tsaga, kina kallon ƙasa, kika ce, "Yanzu kam ki faɗa. Duk wadda ta zauna a gabanki ki faɗa mata, amma ki faɗi daidai: ƙari ne a saman ƙoda, kuma ana cirewa." Hannuna ya tsaya a kanki. Na jira ki ƙara wani abu, sai kika ci gaba da waƙarki.

"Yanzu kam." Me kike nufi da shi, Rifkatu? Kin sani ke nan tun ranar famfo? Ko tun ranar da na zo da labarin Sista? In kin sani, yaya kika iya ba ni amanar 'ya'yanki ranar da za a yanka ki?

Bayan shekara ɗaya da 'yan watanni gari ya ɗauki zafi, maƙwabta suka fara kallon juna da wani ido, iyalai da yawa suka tattara suka koma garuruwansu. Malam Bitrus ya nemi canjin wurin aiki zuwa kudancin Kaduna. Kwana ɗaya kafin tafiyarku kika zauna a gabana kika ce, "Ki yi mini wanda zai daɗe, ban san hannun da zan samu a can ba." Na yi miki ƙanana, tun hantsi har la'asar. Sau uku ina buɗe baki in faɗa miki, sau uku ina tambayarki ko na ja da yawa. Wayar hannu ba ta zo hannun irinmu ba tukuna. Kin bar mini lambar akwatin gidan waya, na aika takarda biyu, ban ji amsa ba.

Sadiya, wadda kika koya wa haɗa baƙi a kan tabarmar kitso, yanzu ma'aikaciyar jinya ce. Na sa ta ta yi mini bayanin ciwonki ya fi sau goma. Ta ce ciwo ne da ba kasafai ake ganinsa ba, kuma yawancin matan da gashi ke fito wa a fuska ba shi ne da su ba, na wasu gado ne, na wasu daga ƙwan haihuwa. Abin da ke bambanta naki shi ne sauri, da sauyin murya. Sai ta ƙara da abin da ban so ji ba. Ta ce irin wannan ƙari, da yawansu na ciwon daji ne, kuma ko an cire yakan dawo. Na tuna an gwada naki an ce bai yi kama da mai yaɗo ba, amma likita ya ce ki riƙa zuwa ana duba jini da hoto har wasu shekaru. Kin bar Kano kafin shekarun su cika. Kin sami inda ake duba ki a can? Kin ci gaba da zuwa, ko kin yi halinki na cewa ai kin warke?

Na cika umarninki. Duk wadda ta zauna a gabana ta ji labarin goriba. Watanni uku da suka wuce wata yarinya matar aure daga Unguwa Uku ta zo kitso, na ga haɓarta duk tabon tsiga, ta ƙi ɗaga kai. Na jira kowa ya watse, na tambaye ta cikin wata nawa, al'ada fa. Na haɗa ta da Sadiya. Nata bai zama irin naki ba, na ƙwan haihuwa ne, magani aka ba ta. Ko sunanta ban faɗa wa kowa ba, kuma sai da ta yarda na sa wannan a takarda.

Sauran tambayoyin ƙanana ne, amma ina son amsarsu. Gefen hagu na goshin ya cike? Kin sake haihuwa? Har yanzu a layin mata kike tsayawa? Jikokinki sun san kakarsu ta taɓa yin siririyar murya, ko sun ɗauka haka aka haife ki? Kuma a cikin watannin nan da kika ɗanɗani abin da maza ke ji, me kika gano game da su da ba ki faɗa mini ba?

Malam Sani ya rasu shekara huɗu da suka wuce. Har ya bar duniya, in aka ambaci sunanki sai ya sunkuyar da kai ya ce a bar tuna masa. An rushe gidan hayar an yi shaguna, ni ina Tarauni wurin Sadiya. Yatsuna sun fara ƙagewa, kai biyu nake iya yi a yini.

Ƙawata, 'yar'uwata, na ci amanarki kuma na tsaya a gabanki na zagi waɗanda suka ji daga bakina. Ki yafe mini. In kin riga kin yafe tun tuni, ina so in ji da kunnena. In kuma Ishaku ne ko Saratu ke karanta wannan, ke ba kya nan, to 'ya'yana, kada ku ɓoye mini, ku faɗa mini yadda ta ƙare da kuma inda take kwance.

Allah ya sa kina raye cikin lafiya. Allah ya tsare abin da ya rage a jikinki daga kowace cuta, ya raya miki zuri'a, ya ba maigida lafiya. Allah ya rufa miki asiri fiye da yadda na rufa miki, ya kuma haɗa fuskokinmu tun ina iya riƙe kibiya. Amin.

Taki har kullum,
Hajara, Maman Sadiya,
Tarauni, Kano.